Wa ya ƙirga kwalaben?

Har yau ina ajiye da takardar nan a cikin durowa, shafi na huɗu na babin farko na firojet ɗina, an zagaye layi ɗaya da jan biro an ja kibiya zuwa gefe an rubuta kalma uku kacal, wa ya ƙirga? Layin da aka zagaye kuwa shi ne wanda na fi ji da shi a duk babin, wai kullum ta Allah ana shanye kwalbar kodin miliyan uku tsakanin Kano da Jigawa. Ni a lokacin gani nake na buɗe babi da abin da zai girgiza duk wanda ya karanta, har na sa masa rafarans guda biyu a gaba dan kar a ce daga kaina na ƙago.

Shekarata tara ina aikin welfeya kafin na koma karatun mastas, to kun san yadda mutum yake in ya daɗe a fili, gani yake babu abin da wani malamin jami'a zai gaya masa a kan shaye-shaye, ni da na raka iyaye asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Sai na ɗauki takardata na koma ofishin sufabaiza na, malamin da yake duba min firojet ɗin, da ɗan ƙwarin gwiwata nace Malam ai wannan kowa ya sani, har a rediyo an sha faɗa. Bai ma ɗago daga abin da yake makin ba yace Malama ni ban tambaye ki wa ya faɗa ba, cewa nayi wa ya ƙirga, ki je ki nemo min shi, in ma a Sabon Gari yake ki zo mu tafi tare na gaishe shi. Wallahi ranar har na hau adaidaita ina ƙunƙuni.

Kwana uku nayi ina bin maganar nan kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata. Maƙalar farko da na kafa hujja da ita, ashe ita ma daga ta biyun ta ɗauko. Ta biyun kuma da na duba ƙarshenta sai naga jarida ta ambata. Na nemo jaridar, ita kuma rahoton zaman majalisar dattawa ne na shekarar 2017 inda aka kawo maganar ana muhawara. Nan sawu ya tsaya. Ba sunan wanda ya shiga kemis-kemis ya ƙirga, ba bayanin a wane wata, ba yadda aka yi lissafin. Magana ce aka faɗa da kyakkyawar niyya dan a zaburar da gwamnati, kuma ta zabura ɗin, tunda a 2018 bayan binciken da BBC ta fitar gwamnatin tarayya ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Amma ni firojet nake rubutawa ba gangami ba.

Sai ga shi a cikin neman na faɗo kan rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, binciken 2018 da aka fitar farkon 2019. Su sun ce mutum miliyan 14.3 ne masu shekara 15 zuwa 64 suka taɓa wata ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin ɗari, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Masu shan maganin tari dan buguwa kuwa kimanin miliyan 2.4 a faɗin Najeriya gaba ɗaya. To ku ɗora wannan a gefen kwalba miliyan uku kullum a jiha biyu kawai ku gani ko sun zauna daidai. Abin da ya fi burge ni ma ba lambar ba ce, babin da suka zauna suka bayyana yadda suka yi ne, gidaje nawa aka shiga, yadda aka nemo masu shan da ba za a same su a gida ba, da inda su da kansu suka ce a nan fa lissafinmu yana da rauni. Mutumin da zai nuna maka gurguwar ƙafarsa da kansa ya fi wanda ya zo maka da babbar riga ya rufe komai.

Ina cikin wannan wahalar ne na tuna Baba, Allah ya jiƙansa. Shi bai yi boko ba, karatun zaure ya yi, amma ka kuskura ka ce masa ai Annabi ya ce kaza, sai ya ajiye carbi ya ce a wane littafi, wa ya rawaito, daga wa ya ji. In ka ce ai wani malami ne ya faɗa a wa'azi sai ya ce to shi malamin a ina ya gani. Muna yara muna ganin tsanani ne. Ashe abin da sufabaiza na yake so na koya da jan biro shi ne dai isnadin da malaman hadisi suka gama tsarawa fiye da shekara dubu da ta wuce, akwai ingantacce akwai mai rauni akwai na ƙarya tsagwaronsa, kuma daɗin lafazi ko yawan masu faɗa ba ya ɗaga mai rauni ya koma ingantacce in duk daga bakin mutum ɗaya suka kwaso. Mu 'yan Kano da muka tashi a cikin wannan bai kamata a ce bature ne zai koya mana bin salsala ba, amma da an zo kan boko sai mu saki jiki, duk abin da aka buga da turanci aka sa masa shekara a gaba shi kenan ya zama aya.

Tun daga nan in ina neman lamba akwai ƙofofin da nake fara ƙwanƙwasawa. In maganar aure da wuri ce, ko haihuwa a gida, ko tazarar haihuwa, ko dukan mata, ko rigakafi, to binciken lafiya da yawan jama'a da ake kira NDHS, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take yi, an yi a 2008 da 2013 da 2018, sannan na baya-bayan nan 2023 zuwa 2024. Na 2018 kaɗai mata sama da dubu 41 aka zauna da su aka yi musu tambayoyi, kuma teburan suna rarrabe jiha-jiha, za ki ga Kano a layinta daban. In maganar yara ce, aikatau da talla da rajistar haihuwa da zuwa makaranta da horo da duka, to binciken MICS na Hukumar Ƙididdiga da UNICEF, akwai na 2016 zuwa 2017 akwai na 2021. Na 2016 ɗin ma Kano da Legas an yi musu rahoto na musamman nasu su kaɗai, abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba, suna can suna kwafo lambar Najeriya gaba ɗaya suna liƙa wa Fagge. Talauci kuma akwai rahoton 2022 na Hukumar Ƙididdiga da ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, wato ba kuɗin aljihu kaɗai aka auna ba har da ruwa da makaranta da asibiti da makamashin girki. Duk waɗannan kyauta ne a intanet, data kawai za su ci miki, kuma gaskiya suna ci, ni da daddare nake sauke su in an yi garaɓasar dare.

Amma fa samun rahoton daban, iya karanta shi daban. Misali yaran da ba sa zuwa makaranta, za ki ji wani ya ce miliyan 10.5 wani ya ce miliyan 20, har a yi ta musu a gidan rediyo kowa yana cewa ɗan uwansa ƙarya yake. Ba wanda ya yi ƙarya. Ta farkon da UNICEF ta daɗe tana ambata 'yan shekarun firamare ta ƙirga, ta biyun da UNESCO ta fitar a 2022 ta haɗo har da 'yan shekarun sakandare. In ba ki duba su wa aka ƙirga ba sai ki rubuta wai cikin 'yan shekaru adadin ya ninka, alhali mudu ne aka canza ba hatsin ba. Haka yawan mutanen Kano, ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, ta ba jihar miliyan 9.4, duk wata lamba da kika ji bayan wannan hasashe ne aka ɗora a kanta, to ki rubuta cewa hasashe ne, ba abin kunya ba ne. Sannan shekarar da aka buga rahoto ba ita ce shekarar da aka shiga gidajen mutane ba, MICS na 2021 sai a 2022 ya fito, wannan ƙaramin abu ya sha kayar da mutane a wajen difens, wato ranar kare firojet a gaban malamai.

Maƙalu kuwa Google Scholar ne ƙofar gari, kowa ta nan yake shiga, sai dai shi kamar kasuwar Kurmi ne, akwai na gaske akwai jabu duk a rumfa ɗaya. Dabarar da ta fi yi min amfani ita ce in na samu maƙala ɗaya mai kyau sai na danna ɗan rubutun nan na ƙasanta da yake nuna su wa suka ambace ta daga baya, sai na bi gaba, sannan na koma jerin littattafan da ita ta ambata na bi baya. Cikin awa biyu za ki gane su wane ne manyan fagen, dan sunayensu za su yi ta maimaituwa. Kuma kar ki tsaya kan kalma ɗaya, wanda ya rubuta almajiri kawai ya rasa rabin abin da aka rubuta, sai kin gwada almajirai, tsangaya, da yadda turawa suke kiran makarantun allo. Akwai AJOL da aka fara tun 1998 wanda ya tara mujallun Afirka zalla, a nan za ki samu na jami'o'inmu. Akwai DOAJ na mujallun da ake karantawa kyauta kuma su sai sun tantance mujalla kafin su sa ta. Mu masu aikin asibiti kuma PubMed, rumbun maƙalun lafiya, ba ya da na biyu, duk abin da ya shafi yoyon fitsari ko taɓin hankali bayan haihuwa ko sikila a nan nake farawa. In kika ci karo da wadda aka kulle sai an biya dala, kafin ki haƙura ki je laburaren makarantarku ki tambayi ma'aikatan ko suna da shiga Research4Life, tsari ne da aka yi dan ƙasashe irin namu, da yawanmu har mu gama ba mu taɓa yi wa ma'aikacin laburare magana ba sai dai mu je cajin waya. In duk ya ƙi, ki rubuta wa marubucin imel cikin ladabi, layi uku ya isa. Wata farfesa da ban taɓa gani ba ta turo min tata washegari har da ƙarin guda biyu da ban roƙa ba.

Yanzu bari na tona wa kaina asiri, tunda ba kyau mutum ya yi ta wa'azi kamar shi bai taɓa faɗawa rami ba. Ina shekarar ƙarshe aka ce sai mun buga maƙala. Kwatsam sai ga imel daga wata mujalla mai suna doguwa har da kalmar ƙasa-da-ƙasa a ciki, suna ta koɗa ni, wai sun ga ayyukana masu daraja, har farfesa suka kira ni, ni da ko difens ban yi ba. Maimakon wannan ya sa na farga sai kaina ya ƙara girma. Na tura ranar Litinin, ranar Juma'a aka ce an karɓa sai biyan kuɗi, na kwashi adashina na wannan watan na canza na tura. Da ta fito na buɗe ina murna, sai naga ko wasali ba a taɓa ba, har inda na yi kuskure na maimaita sakin layi ɗaya sau biyu yana nan daram. A fitowar da tawa take ciki akwai maƙala kan kiwon kifi akwai wata kan gyaran injin. Na kai wa Malam, ya juya ta gaba da baya yace Allah ya mayar miki da alheri, amma wannan ba za ta shiga lissafi ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, dan bayan kuɗin, aikin ma ya mutu, ba mujallar kirki da za ta karɓi abin da aka riga aka buga.

Mujallar gaske sai ta miƙa aikinki ga masana biyu ko uku sun tankaɗe sun rairaye, su dawo miki da gyaran da zai hana ki barci, abin yakan ɗau watanni. Irin waɗancan na cin kuɗi kuwa wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayensu har ya rufe jerin a 2017, kuma kullum sababbi ake haifa. Abin da ya sa na kawo wannan a maganar neman hujja shi ne, tawa maƙalar nan da ba wanda ya duba tana nan a intanet har gobe, kuma wata rana wani ɗalibi zai same ta ya kafa hujja da ita ya ce in ji wance. Shi ya sa ko na ga abu a mujalla sai na wuce kai tsaye wajen da aka bayyana yadda aka yi binciken. Mutum nawa aka tambaya, a ina, ya aka zaɓo su. Sau nawa zan ga an raba kwashaniya ga 'yan aji ɗaya a makaranta ɗaya sannan a kan maƙalar a rubuta matasan Arewacin Najeriya.

Sabon bala'in kuma shi ne na ChatGPT da 'yan uwansa. Watan jiya wata yarinya da aka turo mana zaman firaktikal ta kawo min babinta na biyu na duba mata, kan matan da aka saka da yadda suke riƙe 'ya'ya. Rafarans arba'in da biyu, tsaf-tsaf, sunayen Hausawa da shekaru da lambar shafi, har na fara cewa kai yarinyar nan ta yi ƙoƙari. Sai naga an jingina wa wani malami da na san fagensa maƙala a kan zawarawan Kano, nace ikon Allah yaushe ya koma wannan ɓangaren. Na kwafi kan maƙalar na sa a Google Scholar, shiru. Na ɗauki lambar DOI ɗin, wato lambar shaidar da ake bai wa maƙala wadda in ka sa ta a doi.org take kai ka inda take, ita ma ba ta kai ko'ina ba. Nace ƙanwata zo nan, wannan kin karanta ta da idonki? Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi tace Anti wallahi shi ya ba ni, na ɗauka ai ba ya ƙarya. Ban yi mata faɗa ba, da wane bakin, ni da na sayi farfesa da kuɗin adashe. Na dai ce ta je ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba ta buɗe ta gani ba ta goge. Ni ma ina amfani da shi wajen gyara turanci ko ya warware min wata ƙa'ida da ta shige min duhu, amma ba na karɓar ruwaya daga gare shi. Na masu kafe da suke sayar da firojet ɗin da aka canza wa sunan gari kawai, a cire Ibadan a sa Gwale, wannan ba sai na ɓata bakina ba.

To duk wannan na makaranta ne, a ce dan maki ake yi. Inda abin ya fi damuna shi ne wajen aiki, dan a can kuskuren ba jan biro yake jawowa ba, a kan mutum yake sauka. Yawancin littattafan da aka koyar da mu da su daga Amurka da Ingila suke, iyali a wajensu miji da mata da 'ya'ya biyu ne, ba kishiya ba uwar miji a tsakar gida ba ɗan riƙo ba kawu mai yanke hukunci daga ƙauye. Akwai Cochrane da Campbell da suke tattaro duk binciken da aka yi kan tambaya ɗaya su auna su gaya maka me ya yi aiki me bai yi ba, suna da kyau ƙwarai kuma ina dubawa, amma sai na tambayi kaina a wace ƙasa aka gwada, da wane irin ma'aikata, da wane kuɗi. Abin da ya yi aiki inda ma'aikaciya take da mota da kes ashirin ba lallai ya yi a inda muke bin lungu da ƙafa ba.

Abin mamaki kuma an yi rubutu mai zurfi a kan garin nan namu, mu ne ba ma nema. Wata Ba'amurkiya Enid Schildkrout ta zauna a Kurawa da Ƙofar Mazugal a ƙarshen shekarun 1970 tana nazarin aikin yara, ta nuna yadda sana'ar matan kulle take tsaye kacokan a kan ƙafar yaran da suke fita da kaya su dawo da ciniki da cefane da labari, da yadda kuɗin tallar yarinya yake tafiya wajen tara mata kayan ɗaki. Hannah Hoechner kuma ta zauna da almajirai a cikin birni da Albasu, littafinta ya fito a 2018, ta saurari yaran da kansu, aikin da suke yi a gidajenmu da yadda suke ɗaukar wulaƙancin da ake musu, maimakon a yi ta magana a kansu daga nesa. A laburaren Jami'ar Bayero akwai kundayen digiri jibge da 'yan garin nan suka rubuta, wasu ba su taɓa hawa intanet ba, ga Mambayya a Gwammaja, ga laburaren Murtala a titin Ahmadu Bello, in tarihi kike so ki hau mota zuwa Arewa House a Kaduna.

Na ga amfanin wannan da idona. Wata malamar firamare ta kawo mana maganar wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da take zuwa makaranta kwana biyu ta yi fashin uku, an ce talla take. Da a da ne na san abin da zan yi, na shiga na zauna na karanto wa uwar illar talla da haƙƙin yaro na tashi na rubuta an wayar da kai. Na shiga gidan da hantsi, wani lungu ne da ko babur ba ya shiga, na tarar da uwar a gaban murhu da goyo a baya tana tsamo awara daga mai tana zubawa a bokitin roba mai murfi, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, a gefen tabarma ga wani tsohon gwangwanin madara da aka huda wa murfi. Bayan mun gaisa na yi mata ya jiki ya yara, tun kafin na buɗe baki tace Anti na san abin da ya kawo ki, to in ta zauna wa zai fitar min, ni zan fita? Nace a'a Maman yara ba hana ki na zo yi ba, so nake ki gaya min ƙarfe nawa awarar take ƙarewa kuma su wa suka fi saye. Ta dube ni tukunna kamar ba ta yarda ba, sannan ta fara lissafi. Ashe rabin cinikin safe duk a bakin layi ne wajen masu faci da 'yan adaidaita. Gwangwanin kuma na zubin adashen kayan ɗakin yarinyar ne, abin da Ba'amurkiyar nan Schildkrout ta rubuta tun kafin a haife ni shi ne a gabana a kan tabarma. Muka je da mai unguwa wajen mai shayin bakin layin, ya yarda a riƙa ajiye masa bokiti da safe yana cire ɗan nasa, yarinya ta tafi makaranta, da yamma ta zaga cikin unguwa ta dawo kafin magariba. Ba zan ce muku an gama ba, ranar da mai shayi bai fito ba tana fashi, amma malamar ta ce yanzu sai ta yi sati biyu cur ba ta rasa ba.

Doka ma haka, a nemo ita kanta a karanta, a daina dogara da abin da jarida ta ce ta ce. Har yanzu ina ganin ɗalibai suna rubuta wai Kano ba ta da dokar kare yara saboda sun kwafo daga maƙalar 2015, alhali dokar tarayya ta 2003 ce kuma Kano ta sa hannu a kan tata a 2023, sannan ba kwafin juna ba ne, sai kin ajiye su gefe da gefe. Wasu suna nan suna ambatar dokar mahaukata ta 1958 a matsayin wadda ake aiki da ita bayan an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023. Mu kanmu sana'ar tamu sai a ƙarshen 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da ita, to duk littafin da ya girmi wannan zai gaya miki babu.

Rijistar ofis da fayil ɗin asibiti kuwa hujja ce mai kyau amma ta waɗanda suka iso ce kawai. Kes ɗin fyaɗe nawa ne ake kashewa a zaure tsakanin dattawa ba a kai ko'ina ba, mata nawa ne suke haƙura da duka saboda kar a ce sun tona asirin aure. In kika ƙirga fayil kika ce wannan shi ne adadin abin da yake faruwa a unguwa kin yi kuskure, sai kin haɗa da bakin unguwarzoma da mai unguwa da alaramma da matan da suke aikin sulhu. Kuma dan Allah a nemi izini, akwai kwamitin da yake duba ɗa'ar bincike a Ma'aikatar Lafiya ta jiha da asibitin Malam Aminu Kano, a ɓoye sunaye da unguwa, a daina ɗaukar fayil ɗin mutane hoto a waya, wayar da ƙanenki zai ɗauka ya yi gem da daddare. Garin nan duk girmansa ƙarami ne, ki ce bazawara mai 'ya'ya huɗu mai sayar da kaza a layin kaza, an gane ta.

Jiya yarinyar firaktikal ɗin ta dawo da babinta. Cikin arba'in da biyun nan goma sha ɗaya ne suka tsira, sauran ko dai babu su a duniya ko kuma akwai su amma ba abin da aka ce sun faɗa suka faɗa ba. Duk ta damu wai sun yi kaɗan malaminta zai ce ba ta yi karatu ba. Na tura mata teburin NDHS na matan da aurensu ya mutu ta WhatsApp, na rubuta mata sunaye uku da za ta bi sawunsu, nace ranar Litinin ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero sashen kundaye tun da safe kafin a cika, ta tafi da biro da littafi dan ba lallai a bar ta ta yi fotokwafi ba. Tace Anti kuɗin mota fa, daga Hotoro ne. Na duba jaka na ba ta abin da ya sawwaƙa, nace saura kuma ki dawo min da an ce.